Waken Inna a Jami'ar Jiharmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tasalla ta garin Sara, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da kika koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko da kina raye sai an zauna an karanta miki ita. To amma magana ta cika mini ciki, shi ya sa zan rubuta ta a shafina na intanet, waɗanda suka saba leƙowa su karanta su zama shaida.

Mu dai lafiya lau muke. Baba yana nan da ƙarfinsa, idon ne kawai ya ƙara rauni. Jikokinki suna Birnin Kudu suna ta ƙiriniya, ƙaramar ma ta ɗauko tafiyarki sak.

Magana biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta farko labarin jami'ar nan tamu ce, wadda kika tsaya tsayin daka har na shige ta. Ta biyu kuwa laifi ne na yi miki. Tulun irin wakenki da Baba ya damƙa mini amana bayan rasuwarki, da hannuna na lalata abin da ke ciki, na kuma ɓoye masa shekara biyu cur. Ki yi haƙuri ki saurare ni daga farko, don maganganun biyu a haɗe suke.

Kin tuna ranar da aka faɗa a rediyo cewa jiharmu za ta buɗe jami'a ta kanta? Kina tsakar gida kina ɓarar wake, ni kuma na gama sakandare ina zaune, ba gaba ba baya. Baba ya riga ya yanke hukunci cewa 'yarsa ba za ta tsallaka wata jiha da sunan karatu ba. Abokan hirarsa na ƙofar masallaci suka yi ta dariyar labarin. Wani ya ce a ina za a samo malaman, wani ya ce ai harsashi kawai za a tona a watse.

Ke ba ki yi gardama da kowa ba. Kika bari sai da Baba ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan kika ce: "Malam, ai wannan ta gida ce. In ka ji ta yi ba daidai ba, kafin la'asar ka isa can." Bayan kwana uku ya kira ni ya ce in je a cika mini takardun.

Ban taɓa gaya miki gaskiyar abin da na tarar ba, don kada Baba ya ji ya ce a dawo. Jami'ar ba ta da gini ko ɗaya nata. Azuzuwan wata tsohuwar makarantar kwana aka ara mana, bencinan na yara ne, gwiwoyinmu na dukan tebur. Laburare ɗaki ɗaya ne, littafi guda mutum biyar na jira. Ruwa sai tanka ta kawo, mu yi layi da bokitai. Malamai da yawa aronsu aka yi daga wasu jami'o'i, su zo da safe a gajiye, su yi lakca a tsaye, su kama hanya. In ruwan sama ya sauko a kan kwanon rufi kuwa, sai dai mu kalli bakin malam yana motsi.

A mota idan aka tambaye ni inda nake karatu na faɗa, sai wani ya ce, "Au, babbar sakandaren nan?" Abin yana ƙona mini rai, Inna, har na taɓa faɗa da wani kwandasta a tashar Birnin Kudu a kan haka. Kin san halina, ban iya haɗiye magana ba.

Ke ma ai ba ki bar ni ba. Ranar da na gaya miki fannin noma aka ba ni, kika yi dariya har da riƙe ciki. "Duk wannan tafiyar don ki koyi noma? Da kin faɗa mini, ai da na koya miki a bayan gida."

Duk da haka, ban taɓa komawa makaranta ba tare da ƙullin wakenki ba. Bari in bayyana shi saboda masu karatu, ke dai kin fi ni saninsa. Ƙanana ne, ja mai duhu, da ɗan fari a ido. Mai yaɗo ne, ba ya sauri, sai gero ya tashi ake shuka shi a ƙarƙashi, sai ruwa ya ɗauke yake 'ya'ya. Yana ba da harawa mai yawa ga awaki, kuma yana nuna a tukunya ba tare da kanwa ba. Daga hannun mahaifiyarki kika gaje shi. Duk kaka sai ki zauna ki tsince masu ƙoshi ɗaya bayan ɗaya, ki tankaɗe tokar murhu mai laushi, ki cuɗa su da ita, ki zuba a tulu, ki liƙe bakin da laka. Ba mai taɓa tulun nan sai damina.

Muna shekara ta uku aka mayar da mu mazaunin jami'a na dindindin. Daji ne kawai aka zagaye da katanga, kalgo da sabara ko'ina, gini uku a tsakiya suna kallon juna. Daga aji zuwa ɗakin kwana tafiya ce mai kyau cikin rana. Amma namu ne, ba aro ba, kuma bencinan daidai da manya. Kullum muka dawo hutu sai mu tarar an daɗa wani abu, yau rijiyar burtsatse, gobe masallaci, jibi an fara zuba tsakuwa a hanya.

Sau ɗaya tak kika taka wurin, ranar bikin yaye mu, mu da muka zama 'yan fari. Kin sha sabon zane, kin zauna a ƙarƙashin rumfa kina kallon manyan malamai cikin rigunansu masu fukafukai. Na ɗauka gine-ginen za su burge ki. Ina! Da aka tashi, kika tsaya kina duban filin da ya miƙe har bakin katanga, kika ce da ƙarfi: "Rabi, duk wannan ƙasa haka, ba a shuka ko yakuwa ba?" Wani farfesa da ke wucewa ya juyo ya yi murmushi. Ni kuwa na ji kamar in nutse, na ja hannunki muka yi gaba.

Bayan hidimar ƙasa aka ɗauke ni aiki a gonar gwaji ta sashenmu, inda nake har yau. Da za ki ga wurin yanzu, da sai kin nemi mai nuna miki hanya. Tsangayoyi sun ƙaru, an yi babban laburare mai bene, ɗakin kwanan mata ya zama unguwa guda. Itatuwan da muka dasa muna ɗalibai, muna ba su ruwan wankinmu, yanzu a inuwarsu ake karatu. A bakin ƙofa gari ya tashi: masu shayi, masu awara, masu buga takardu, 'yan acaba sun jeru. Malamai kuma yawancinsu namu ne, wasu ma ajinmu ɗaya da su. Ba na ce komai ya gyaru ba, har yanzu wuta na yi mana wasa, ruwa ma wani lokacin sai an yi haƙuri. Amma ba wanda ya ƙara ce mini babbar sakandare.

Abin da zai fi faranta miki rai shi ne 'yan mata. Ranar komawa makaranta ki ga mota cike da 'yan Gwaram da Birnin Kudu, kowace da jakarta da ƙullin garinta. Cikin dattawan nan da suka yi dariya a ƙofar masallaci, ɗaya ya zo har ofishina da jikarsa, ya ce in riƙa sa mata ido. Ban tuna masa komai ba, Inna. Na dai gaishe shi sosai, har sau biyu.

To yanzu ga laifin.

Bayan mun dawo da ke daga babban asibitin Birnin Kudu, aka yi jana'iza da zaman makoki, baƙi suka watse, sai Baba ya sa aka fito da tulun daga ɗakinki. Kin riga kin liƙe shi da hannunki kafin ciwon ya kwantar da ke, har sawun yatsunki na jikin lakar. Ya ce: "Ki kai shi can wurinku. Yaran gidan nan irin zamani suke so, mai saurin nuna. In ya zauna nan, cinye shi za a yi. Can ai wurin masu ilimi ne."

A lokacin an gama mana sabon ɗakin ajiyar iri. Bango fari fat, ƙasa na sheƙi, ga na'urar sanyi sabuwa a cikin kwalinta. Na dubi tulunki, baƙi ƙirin da hayaƙi, baki liƙe da laka, sai na ji ba zan iya shiga da shi gaban abokan aiki ba. Gaskiyar ke nan, ba zan yi mata kwalliya ba. Kunyar tulunki na ji.

A gidana na Birnin Kudu na fasa lakar. Na sa rariya na tankaɗe tokar tas, na goge waken da tsumma har yana ƙyalli, na zuba a ambulan na takarda, na rubuta masa suna da Turanci da rubutuna mafi kyau. Tulun kuwa na tura shi bayan ɗaki.

Malam Sabo, dattijon da ke kula da ma'aikatan gonarmu, ya ga ambulan ɗin a hannuna. Ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafinsa ya duba, ya ce, "Hajiya, ina tokarsa?" Na ce masa ai yanzu muna da na'ura. Na'urar kuwa ba a riga an haɗa ta ba, ana ta cewa mako mai zuwa. Na sa ambulan a kabad na kulle, sai dogon hutu ya zo, zafin bazara ya sauka, na tafi gida hankalina kwance.

Ranar da na dawo na ɗaga ambulan, tun daga nauyinsa na san an yi ɓarna. Na buɗe, gari ne da ɓawo, kowace ƙwaya a huje, ƙwari na ta yawo a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. Na san ƙwan ƙwaron tun daga gona yake biyo wake, tokar ce ke hana shi motsi. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Na zauna a kan wannan ƙasa mai sheƙi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ke.

Na tsince 'yan waɗanda suka yi kama da masu rai, na jera a kan jiƙaƙƙiyar auduga. Kwana goma ina leƙawa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Duk zuwan da zan yi Sara, bayan gaisuwa, tambayar Baba ɗaya ce: "Ya waken uwarki?" Ni kuma in ce, "Yana nan, Baba." Sai ya gyaɗa kai ya ce madalla. Wannan madalla ta fi mari ciwo. Na fara rage zuwa. Da can duk Juma'a biyu ina gida, sai ya koma wata-wata, in na zo ma ban cika zama ba, in ce aiki ya yi yawa.

Na shiga nema ba ji ba gani. Kasuwar Sara, kasuwar Gwaram, ta Birnin Kudu, ba layin masu awo da ban bi ba. Kowa ya ɗebo mini jan wake ya rantse shi ne, in duba in ga ba shi ba. Da na gaji, na cire girman kai na gaya wa Malam Sabo komai. Bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi: "Irin tsofaffin mata ba ya zuwa kasuwa, Hajiya. Hannu da hannu yake tafiya. Ki nemi waɗanda take zumunci da su."

Sai a lokacin na tuna. Duk farkon damina in kin fasa tulu, mata sukan shigo da sallama, a gaisa, a yi ta zagaye-zagaye, can sai ki ɗebi tafi guda ki ƙulla wa mace a bakin mayafi. Ina yarinya na ɗauka sadaka ce kawai kike yi.

Na bi gidajen Sara ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, ina kauce wa layinmu. Wata ta ce sun cinye nasu a shekarar da abinci ya yi wuya. Wata ta ce 'ya'yanta sun canza iri. A gida na ƙarshe wata tsohuwa ta ce, "Kin je wurin Hansai?" Gwaggo Hansai, ƙawarki tun kuna 'yan mata, wadda aure ya kai Surko. Rabona da ita tun zaman makokinki.

Acaba na hau daga Birnin Kudu, ƙarshen damina, hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka ina takawa. Na same ta a zaune tana gyaran kuɓewa. Na durƙusa na kwashe labari kaf na gaya mata, ban rage komai ba. Inna, matar nan dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. "Ke da digirinki kika wanke wa wake toka? Wallahi da Tasalla na raye da kin sha ludayi a ka." Tana cikin dariyar sai hawaye suka zubo mata, muka taru muka yi kukanmu.

Ta shiga ɗaki ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, ƙanin naki sak. Shekara da shekaru tana shuka shi a bayan gidanta, yanzu surukarta ke yi mata. Ta ɗebo tafi biyu har da tokar, ta ƙulla mini a bakin mayafi da kanta. Na buɗe jaka zan ba ta kuɗi, ta daka mini tsawa. "Rufe! Ba nawa ba ne, uwarki ce ta ba ni riƙo. In ya yi, ki ba wata."

Lokacin shuka ya riga ya wuce, dole ya jira shekara. Na ɗauko tulunki daga bayan ɗaki, na wanke, na shanya, na tankaɗe toka daga murhun maƙwabciyata don ni gas nake amfani da shi, na cuɗa waken da ita na zuba, na liƙe da laka. Ranar Litinin na rungume shi na shiga da shi ta babbar ƙofa, kowa na kallo. Shugaban sashenmu ya tare ni ya tambayi mene ne wannan. Na gaya masa. Ya zagaya tulun ya duba, ya ce a ajiye shi kusa da na'urar, kuma ranar da za a fasa a kira ɗalibai su gani. Shi ma ashe a kan irin wannan tulu ya tashi a gidansu.

Daminar bana muka shuka shi a ƙarƙashin gero, a cikin filin nan da kika yi faɗa a kansa ranar bikinmu. Ya fito, ya yi ta yaɗo, ganye kawai ba fure. Irin zamani da ke kusa da shi har an girbe, shi yana kwance abinsa. Ɗalibai suka fara cewa wannan ai ciyawa ce. Ni kaina kullum da safe kafin in shiga ofis sai na je na ɗaga ganye. Malam Sabo ya ce in bar shi ya huta, ba a yi masa gaggawa. Ruwa na ɗaukewa sai ga fure ko'ina.

Makon jiya muka rore shi. Ya cika tulunki, an sa wani a na'ura, 'yan mata biyu 'yan Gwaram da suka yi aikin tare da ni kowace na ƙulla mata tafi guda ta kai gida.

Saura abu ɗaya da ya hana ni sakewa. Shekarun da ya yi a Surko, anya bai gauraya da wani ba? Anya naki ne? Littafi ba zai gaya mini ba. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya ci waken nan shekara arba'in, kuma shi ne wanda nake gudu.

Juma'ar da ta wuce na tafi Sara da ƙwarya guda. Na sami Baba a kan tabarma a zaure, ya dawo daga masallaci. Ban bari ya yi tambayarsa ba. Na ajiye ƙwaryar a gabansa, na faɗa masa komai: kunyar, rariyar, ƙwarin, da duk "yana nan" ɗin da na yi masa.

Da na gama, ya lalubo ƙwaryar ya tsoma hannu. Ya murza, ya kai hanci, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da haƙoran da suka rage masa. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce, "Shi ne."

Na ɗauka shi ke nan, har na fara share hawaye. Sai ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce: "Ashe saboda wake ne kika daina zama. Ni kuwa shekara biyu ina ta bincikar kaina, ina cewa me na yi wa Rabi."

Inna, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina can ina makokin wake, na bar tsoho shi kaɗai a zaure yana tuhumar kansa. Na kama ƙafarsa na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ba ya son shirme, in je in ɗora tukunya. A ranar ban koma Birnin Kudu ba, sai Lahadi da yamma. Ya ci, ya nemi ƙari, ya ce gishirina ne dai har yanzu bai kai naki daidaito ba.

Shi ya yafe. Saura ke, kuma ke ba zan ji amsarki ba a nan duniya. Ki yafe mini kunyar da na ji, Innata. Ba ki cancanci haka daga gare ni ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya sa duk cikin da ya ƙoshi da abin da hannunki ya adana ya zame miki lada mai gudana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ni ikon zama kusa da shi a sauran kwanakinsa. Ya albarkaci makarantar nan da 'ya'yan mutane da ke cikinta, ya haɗa mu da ke a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Rabi,
daga Birnin Kudu.